Horon Laburare A Zamanin Waya: Abin Da Na Samu A Jami'armu

Duk ɗalibin da ya tambaye ni ko horon da laburaren jami'armu ke bayarwa ya kai a ba shi lokaci, sai in ce masa ya kai, amma ya san wanda zai je. Horon ba iri ɗaya ba ne. Akwai na babban ɗakin taro, inda ake tara sababbin ɗalibai a farkon zango. Akwai na ƙananan rukunai a sashen kwamfuta na laburaren. Sannan akwai zauren WhatsApp da ma'aikatan suka buɗe. Na ƙananan rukunan nan ya sauya mini yadda nake bincike gaba ɗaya. Na babban ɗakin kuwa, har yau ina jin zafin damar da ake zubarwa a cikinsa. Dukkansu ba a biyan ko sisi, ban da kuɗin laburare da dama yana cikin kuɗin rajista.

Ni malamin gona ne, aikina shiga ƙauyuka da zama da manoma. Bayan shekaru a bakin aiki na koma neman digiri na biyu, kuma bincikena a kan ajiyar wake ne: yadda ƙwaro ke cinye shi a buhu, da abin da manoma da 'yan kasuwa ke yi don su tsare shi. Ba ƙaramin al'amari ba ne a wurinmu. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin wakenmu, Nijar na biye da ita, kuma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Da wannan buƙata na shiga laburaren, da ita kuma na auna duk abin da aka koya mini.

Na yi digirin farko a farkon shekarun 2000, lokacin da koyon amfani da laburare bai wuce kwas ɗin GST, wato darussan gama-gari na dukkan ɗalibai, da zagaye guda a cikin ginin ba. A kai ku gaban akwatunan kati masu aljihu-aljihu, a ce ga na sunan marubuci, ga na sunan littafi, ga na fanni. A koya muku tsarin haruffan Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda yawancin jami'o'inmu ke jera littattafai da shi: S na aikin gona ne, SB na shuke-shuke da ƙwarinsu da cututtukansu. Ban raina wannan koyarwa ba. Ta dace da zamaninta, domin a lokacin ilimin yana cikin ginin, abin da ɗalibi ke buƙata kawai shi ne ya san kantar da zai nufa. Har gobe in na shiga laburare, kantar SB nake fara nema.

Yaran da na tarar yanzu matsalarsu daban take. Karatunsu duk yana cikin waya. Takardun lakca ta WhatsApp suke zuwa, littafi kuma wani ya ɗauki hotonsa shafi-shafi ya tura wa 'yan aji. Zaman gida na korona a 2020, da yajin aikin malaman jami'a na wata takwas a 2022, su suka ƙara dasa wannan ɗabi'a. Kafin a koma aji, waya ta riga ta zama makaranta. A ƙarshen 2022 ChatGPT ya fito, a 2024 kuma Meta AI ya shigo cikin WhatsApp ɗin kansa, ba sai an sauke wata manhaja ba. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka a cikinsu tsiraru ne, da yawa a shagon buga takardu na bakin ƙofa ake buga musu furojet. Ɗalibin yau bai rasa abin karantawa ba, yawa ma ya yi masa. Abin da ya rasa shi ne yadda zai tantance na kirki da na banza, da yadda zai kai ga na kirkin da 'yar datar da ke gare shi.

Taron babban ɗaki bai san da wannan ba. An cika wuri maƙil, na baya ba sa hango allon majigi, lasifika tana yankewa. Rabin lokacin ya tafi a kan dokoki: ba a shiga da jaka, ba a shiga da abinci, littafi nawa ake ara, tarar nawa ake ci in an makara. Sai aka haska sunayen rumbunan bayanai a jere da adireshinsu, aka karanto su ɗaya bayan ɗaya, aka wuce. Babban laifinsa dai lokacin da ake yin sa. A makonnin farko hankalin sabon ɗalibi na kan rajista da neman gado a hostel, ba wanda ya ba shi aikin da zai sa ya nemi maƙala. Mu malaman gona mun san ba a koya wa manomi sa taki a dandali da rani, sai a gona, shuka na tsaye yana kallonta. Wanda bai da tambaya a ransa, duk dabarar bincike da ka nuna masa kafin magariba ta fita.

Zaman ƙaramin rukuni kuwa, rubuta suna ake yi a teburin shiga ko a tura ta WhatsApp, a sa muku rana. Ba a cika ɗaki. Kowa yana samun kujera kuma ana jin muryar kowa. Wadda ta koyar da mu wata Malama ce mai matsakaicin shekaru, ita ke kula da sashen. Muna shiga kowa ya nufi kwamfutocin da ke jere, masu tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jikinsu. Sai ta ce a bar su tukuna.

"Kowa ya fito da wayarsa. Waɗannan ba za su bi ku gida ba, waccan kuwa da ita za ku kwana."

Ta haɗa tata wayar da majigi, fuskar wayar ta fito a bango, duk inda ta taɓa muna gani. Wannan kaɗai ya raba ta da duk wani horo da na taɓa zama a cikinsa. Abin da ke bango shi ne abin da ke tafin hannunka, maɓalli a inda maɓalli yake. Wanda ya taɓa koyon abu a kwamfuta sannan ya koma gida ya neme shi a waya ya rasa, ya san darajar wannan.

Ba ta fara da bayani ba, ta fara da tambaya: kowa ya faɗi abin da yake bincike a kai. Da ta zo kaina na faɗa mata, sai ta ce da nawa za a yi gwajin farko. Ta rubuta kalmomin Turanci na yau da kullum a Google, sai ga shafukan girke-girke da na waken ƙasashen Turawa, ba ruwansu da namu.

"Malam, kai ne masanin gona a nan. Mene ne sunan waken a kimiyyance? Ƙwaron kuma fa?"

Na ba ta: Vigna unguiculata, da Callosobruchus maculatus. Ta koma Google Scholar, shafin neman rubuce-rubucen masana, ta sa sunan ƙwaron tsakanin alamun zance don ya fito a haɗe, ta ƙara kalmar ajiya. Nan take shafin ya cika da aikin masana. Ta nuna mana inda ake taƙaita shekaru, wanda a waya yake ɓoye a gefe. Ta nuna layin da ke ƙarƙashin kowace maƙala mai faɗin waɗanda suka ambace ta daga baya, ta ce manazarta na kai ka baya, wannan layi kuma na kai ka gaba. Ta nuna wurin da ake duba sauran kwafe-kwafen maƙala ɗaya, domin sau da yawa wadda mujalla ta kulle sai da kuɗi, marubucin ya ajiye kwafinta kyauta a rumbun jami'arsa. Ta kuma ba da shawarar a fara neman maƙalar da ta yi bitar ayyukan da suka gabata, don ita za ta nuna maka manyan fagen cikin sauri.

Ta wannan hanya na bi sawun buhun PICS har asalinsa. Buhun nan mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje na daɗe ina koya wa manoma ɗaure shi, leda bayan leda, kowace a matse iskarta a ɗaure ta daban. Yanzu sai ga ni ina karanta gwaje-gwajen da aka gina shi a kansu: aikin da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka fara da abokan aikinsu a arewacin Kamaru tun ƙarshen shekarun 1980, da yaɗa shi a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya daga 2007, da gwaje-gwajen da masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, suka yi a Maraɗi. Na ga ma'aunin yadda ƙwarin ke shaƙe iskar da ta rage a cikin ledar har su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon magani ba. Da na koma ƙauye wani manomi ya tambaye ni dalilin da ya sa ba a buɗe buhun ana dubawa, amsar da na ba shi ta fi ta da ƙarfi, don na ga hujjar da idona.

Daga nan ta kai mu AGORA, wani rumbun mujallu a intanet. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta kafa shi a 2003 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu mujallun noma masu tsada, kuma ɗan'uwan HINARI ne na fannin lafiya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002. Yanzu duk suna ƙarƙashin shirin Research4Life. Jami'armu ta daɗe da yin rajista, amma da Malama ta tambayi wanda ya taɓa shiga, ba wanda ya ɗaga hannu. Ta nuna AJOL, inda aka tara mujallun Afirka, na Najeriya da yawa a ciki. Ta nuna AGRIS, rumbun bayanan aikin gona, da CGSpace inda ake samun rahotannin IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, da sauran cibiyoyi irinta kyauta. Abin da ya burge ni shi ne tana lissafi da aljihun ɗalibi. Ta ce a karanta tsakure kafin a sauke komai. A duba nauyin fayil. A tara abin da ake so a sauke shi da Wi-Fi na laburare, a je gida a karanta ba data. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan shawara ta zama ta abinci da kuɗin mota, ba ta fasaha kawai ba.

Wurin da na fi jinjina mata shi ne batun ƙirƙirarriyar basira. Na ji malamai da dama suna yi wa ɗalibai barazana a kanta, yara su yi shiru, a fita kowa ya ci gaba da abinsa a ɓoye. Ita ba ta hana ba. Ta ce wa wata yarinya 'yar ajin ƙarshe, mai bincike a kan gubar da ke kama gyaɗa in ta yi hunhuna, ta tambayi Meta AI ya ba ta manazarta biyar a kan batunta. Cikin ƙiftawar ido suka fito, tsaf da su, da sunan marubuci da shekara da mujalla da shafi. Sai Malama ta ce a bi su ɗaya-ɗaya. A kwafi taken a sa a Google Scholar tsakanin alamun zance. A ɗauki lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala, wadda kullum take farawa da 10, a sa a doi.org a ga inda za ta kai mutum. Wasu suka fito daidai. Biyu kuwa babu su a duniya: marubucin akwai shi, mujallar akwai ta, amma maƙalar ba a taɓa rubuta ta ba.

Yarinyar ta yi sororo tana kallon wayarta. "Malama, to ai har da lambar shafi ya ba ni."

"Ya ba ki abin da ya yi kama da gaskiya, 'yata. Shi aikinsa jera kalmomin da suka saba zuwa tare. Ba ya shiga kanta ya ɗauko. Da kin sa wannan a kundinki, ranar kare aiki ke za a tambaya, ba shi ba."

Ɗakin ya yi tsit, na ga wasu suna buɗe nasu fayilolin a hankali suna dubawa. Ba ta bar su cikin tsoro ba. Ta nuna inda abin yake da amfani: ya ba ka wasu kalmomin bincike da ba ka yi tunaninsu ba, ya sauƙaƙa maka sakin layi mai kaurin Turanci har ka gane inda aka dosa, sannan ka koma ga asalin ka karanta da kanka. Ƙa'idarta guda ce, kada ka ambaci abin da ba ka buɗe ba. A ganina minti ashirin ɗin nan sun fi duk gargaɗin da ake liƙawa a allon sanarwa tasiri, domin yarinyar da hannunta ta kama ƙaryar.

Ta taɓo mujallun bogi a taƙaice, masu turo saƙon gayyata su ce ka biya a buga maka cikin mako guda. Ga mu 'yan digiri na biyu da ake so mu wallafa kafin mu gama, tarko ne na gaske. Ta ce a duba ko mujallar tana DOAJ, jerin mujallun kyauta da aka tantance, ko AJOL, a duba su wane ne editocinta, kuma duk mujallar da ke buga noma da shari'a da injiniyanci a fitowa ɗaya a yi hattara da ita. Da an ƙara wa wannan lokaci da ya fi.

Zaman tsara manazarta ne ya fara nuna mini iyakar abin. A waya an nuna mana alamar zance da ke ƙarƙashin kowace maƙala a Google Scholar, mai fitar da ita a tsarin rubuta manazarta na APA, tare da gargaɗin cewa yakan yi kuskure a sunaye da manyan haruffa. An nuna ZoteroBib, shafin tsara manazarta, wanda ke aiki a burauza ba sai an yi rajista ba. Har nan lafiya. Amma da aka zo kan Zotero cikakke, mai saka manazarta kai-tsaye cikin rubutu, sai aka koma kwamfuta, waɗanda ba su da ita suka zama 'yan kallo. Kwamfutocin sashen kuma ana goge abin da aka ɗora musu, don haka ba za ka gina tarinka a kansu ka dawo ka same shi ba sai ka buɗe asusu, kuma ba a tsaya an yi wannan da kowa ba.

Zauren WhatsApp ɗin yana da kyau ƙwarai lokacin da yake raye. Gajerun bidiyoyi ne da ba su kai minti biyu ba, ana ɗaukar fuskar waya ana bayani da Hausa da Turanci a gauraye, kamar yadda ake magana a harabar makaranta. In ka maƙale sai ka ɗauki hoton inda ka tsaya ka tura, a ba ka amsa da saƙon murya. Na taɓa turawa daga wani ƙauye da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, amsa ta iske ni kafin isha'i. Daga baya na gane wani ɗan bautar ƙasa ne ke riƙe da zauren, da wayarsa da datarsa. Da ya gama shekararsa ya tafi, zauren ya yi sanyi, tambayoyi suka riƙa kwana ba amsa. Wannan ya dame ni matuƙa. Abu mafi dacewa da zamani a duk hidimar an rataya shi a wuyan mutumin da kowa ya san ranar tafiyarsa. Haka ita ma Malama, in ta tafi hutu ba a yin zaman rukuni. Kyawun abin na mutum biyu ne, bai zama tsarin gidan ba tukuna.

Sauran koke-kokena na wanda ke zaune nesa da makaranta ne. Wasu rumbunan ba sa buɗewa sai kana kan Wi-Fi na jami'a. Kalmar sirrin wasu kuma sai ka zo da kanka da katin shaida, kuma akan sauya ta ba sanarwa, sai ka zauna da dare za ka yi aiki ka tarar ƙofa a rufe. Na fahimci dalilin tsare ta, don in ta yaɗu a waje masu mujallun na iya rufe wa jami'ar gaba ɗaya, amma tura saƙo ga waɗanda suka yi rajista bai gagara ba. Zaman horon duk da safe ake yi a ranakun aiki. Mu ma'aikata sai mun nemi izini, matan aure masu kai yara makaranta kuma na ga yadda suke shigowa an yi nisa. In wuta ta ɗauke, solar na riƙe fitilu da 'yan soket kaɗan ne kawai, sai ka ga mutane sun yi cincirindo a kusurwa ɗaya kowa da cajarsa. Horon da aka gina a kan waya ya kamata a ce soket na cikin kayan aikinsa.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba wuta ba ce, ba kalmar sirri ba ce. A duk zaman da na halarta ba a taɓa cewa mu hau bene ba. A saman nan akwai ɗakin kundayen digiri da tsofaffin rahotanni, kuma wani dattijo ne ke kula da shi, gashinsa duk furfura. Na je wurinsa ne don kaina. Na gaishe shi na faɗa masa abin da nake nema. Bai taɓa kwamfuta ba, bai duba kati ba. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, biyo ni." Ya wuce layi uku, ya sunkuya a kantar ƙasa, ya zaro wani kundi mai baƙin bango ya kaɗe ƙurarsa da tafin hannu. Da tafireta aka buga shi a shekarun 1980, a kan yadda manoman yankinmu ke ajiye wake a rumbu da toka da yashi da barkono, har da zanen rumbunan da hannu da sunayen ƙauyukan. Ya ƙara mini da ƙananan littattafan faɗakar da manoma na cibiyar NAERLS ta Zariya da wasu rahotannin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. "Baba, waɗannan suna cikin kwamfuta?" Ya girgiza kai. "Sun sa na baya-bayan nan. Waɗannan sai dai ni da akwatin kati."

Babi na biyu na kundina da wannan tsohon aiki ya tsaya da ƙafarsa, domin shi ya nuna abin da manoma ke yi kafin zuwan magungunan feshi. Babu shi a Google Scholar, babu shi a AGORA, Meta AI bai taɓa jin labarinsa ba. Yawancin abin da aka rubuta a kan ƙasarmu da amfanin gonarmu da garuruwanmu haka yake, yana kan takarda. Yaron da aka horar a kan waya kaɗai zai ɗauka abin da bai fito a bincikensa ba babu shi, ya rubuta a gabatarwar furojet ɗinsa cewa ba a taɓa yin aiki a kan batun ba, alhali aikin na saman kansa hawa ɗaya. Bin ɗalibai zuwa inda suke abu ne mai kyau, na kuma yaba. Sai dai in an same su a can, wajibi ne a jawo su zuwa inda ba za su je da kansu ba.

Haka nan ba a ce komai ba a kan Faransanci. Ga mai bincike a kan wake ko gero ko kiwo a Arewa, Nijar ba waje ba ce. Ƙasa ɗaya, damina ɗaya, ƙwaro ɗaya, kasuwa ma ɗaya, don waken Maraɗi da Damagaram na sauka a kasuwar Dawanau ta Kano. Da na sa kalmar niébé, wato wake da Faransanci, a bincikena sai ga wasu ayyuka da ban taɓa gani ba, kuma manhajar fassara ta waya ta isa ta nuna mini ko maƙalar ta shafe ni. Dabara ce ta minti biyar, ta kuma dace da waya sosai, amma ba ta cikin darasin.

Akwai kuma batun karatu mai tsawo. Waya na koya wa mutum tsallake. Na lura yara da dama suna tsayawa a tsakure, su ɗauki jimla ɗaya su ambata, ba su ga yadda aka yi gwajin ba, ko a ɗakin gwaji aka yi ko a rumbun manomi, ko buhu nawa aka auna, ko wata nawa aka ajiye. A fanninmu nan gaskiyar take ɓuya. Malama ta yi gargaɗi a kai da baki, amma gargaɗi ba horo ba ne. Ina son in ga zaman da za a buga maƙala guda a takarda, a raba wa kowa, a karanta ta tare daga farko har ƙarshe da biro a hannu, a tsaya a kan kowane jadawali a tambayi abin da yake faɗa.

Ga wanda zai je, kada ya jira taron farkon zango. Ya bari sai an amince masa da batun bincikensa, ko an ba shi aikin da ke buƙatar manazarta, sannan ya rubuta suna. Ya tafi da batun a rubuce, da waya cike da caji, da fawa-bank in yana da shi, ya kuma share wa fayiloli wuri a wayar. 'Yan ajin ƙarshe su sa wakilin ajinsu ya nema musu zama na musamman, ana bayarwa in an roƙa, kuma ya fi amfani in duk 'yan fanni ɗaya ne. In an tashi, ya hau bene ya gaida dattijon nan ya faɗa masa abin da yake nema.

Na rubuta wa shugaban laburaren takarda, na kai ofishinsa da hannuna. Na yi godiya a kan Malama, na ambaci aikinta dalla-dalla don a san da shi. Sannan na roƙi abu uku: a sa zama ɗaya ranar Asabar saboda ma'aikata da matan aure, a damƙa zauren WhatsApp a hannun ma'aikaci na dindindin da datar ofis, a kuma haɗa dattijon saman bene da wani matashi su bi kundayen nan kanta-kanta suna shigar da sunayensu cikin kwamfuta. Na ja layi a ƙarƙashin na ukun, domin ya gaya mini da bakinsa cewa ritayarsa ta kusa.